Tagar Masu Hali, Burodin Masu Yunwa

A babbar majami'ar Kemper da ke yankin Bretanye, yammacin Faransa, wadda aka fara gininta a 1239, abin da baƙi suka fi yabawa shi ne tagogin gilashi masu launi na ƙarni na 15. Kyansu ba ya musuntuwa, amma mu lura da tsarin zanen. A yawancinsu hakimai ne da manyan limaman coci, waɗanda suka biya kuɗin aikin, suke durƙushe, waliyyi kuma yana tsaye a bayansu yana gabatar da su. Wato an mai da waliyyi ɗan rakiyar mai hali.

Idan muka sauke ido ƙasa, za mu tarar da ƙashin kan Santig Du, wanda ya rayu ba takalmi, ya rasu a 1349 yana jinyar masu annoba. Roma ba ta ayyana shi waliyyi ba, jama'ar gari ce ta yi. Har yau ana ajiye burodi kusa da shi, mai yunwa ya ɗauka ba tambaya.

A ganinmu, burodin nan ya fi tagogin faɗin gaskiyar abin da mutanen Kemper suke nufi da waliyyi.