Ranar da Muzuru da Ɓera Suka Yi Magana: Sharhi a kan Fim ɗin Tom and Jerry na 1992

Mu da muka tashi a Jekadafari muna cincirindo a gaban talabijin ɗin maƙwabta mun san Tom da Jerry, muzuru da ɓeran da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙago a 1940. Ba mu jin Turanci a lokacin, amma ba mu taɓa neman tafinta ba, domin guje-guje da kiɗa su ne harshensu.

A fim ɗin da Phil Roman ya shirya a 1992 an buɗe musu baki, suna magana suna waƙa, har suka ƙulla abota don ceton wata yarinya, Robyn, daga hannun muguwar mariƙiyarta. Jigon taimakon marar gata abin yabo ne. Sai dai labarin ya koma na yarinyar, taurarin asali suka zama 'yan rakiya, aka kuma bar yaron da ba ya jin Turanci a baya.

Wannan hannunka-mai-sanda ne ga masu burin mayar da tatsuniyoyinmu majigin zane. Duk ranar da Gizo ya tuba ya bar ha'inci, to, ranar ce ƙurunƙus.