Gwanin da ke yi wa gonar cikin waya kwaskwarima ba tare da asara ba

Ɗan Garbadu da ke ƙasar Talata Mafara a gona ya san noma, ba a littafi ba. Ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙasar gero da dawa ce da damina, da rani kuma ta koma ta shinkafa, albarkacin madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Don haka idan matashin wannan yanki ya buɗe wasan noma a wayarsa, kallon masani yake yi masa. Nan da nan zai lura babu gero, babu dawa, babu gyaɗa. Ba jaki, ba zabo. Ga alade a garke, ga dusar ƙanƙara ta lulluɓe gona. Wasan da daɗi, amma gonar ba tasa ba ce. A nan ake buƙatar gwanin da ya cancanci yabo: mutumin da ya iya shiga cikin wasa ya sauya shi yadda ransa ke so, ya fito bai lalata wasan ba, bai salwantar da gonar da aka yi wata da watanni ana ginawa ba, bai kuma jefa wayar cikin hatsari ba.

Wasan da wannan gwaninta ta fi bunƙasa a kansa shi ne Stardew Valley. Wani Ba'amurke mai suna Eric Barone ne ya ƙera shi shi kaɗai, ya shafe fiye da shekara huɗu yana rubuta manhajar, yana zana hotunan, yana tsara kiɗan, kafin ya fitar da shi a watan Fabrairun 2016. Zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi fiye da miliyan 41. Labarinsa mai sauƙi ne: ka gaji gonar kakanka da ta zama kurmi, sai ka yi sharar gona, ka shuka, ka yi ban ruwa, ka yi kiwo, ka kai amfani kasuwa. Shekarar wasan tana da yanayi huɗu irin na ƙasashen sanyi, kowanne kwana 28. Akwai shinkafa a ciki, kuma an yi mata adalci: kwana takwas take ɗauka, amma idan an dasa ta kusa da ruwa a kwana shida take nuna. Manomin Bakolori zai gyaɗa kai ya ce wanda ya tsara wannan ya yi tambaya.

Kwaskwarimar da 'yan wasa ke kira mod wasu ƙananan fayiloli ne da masu sha'awa ke rubutawa, su ɗora a kan wasan don su sauya wani abu a cikinsa. Wani mod ɗin launin saniya kawai yake canzawa, wani kuma gari guda yake ƙarawa da mutanensa, kamar sanannen Stardew Valley Expanded. Gwani ya san ba a zuba su kai tsaye cikin wasan. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna SMAPI, wadda wani mai rubuta manhaja da aka fi sani da Pathoschild ke kula da ita. Ita ce ke tsayawa tsakanin wasan da kwaskwarimar: ta tayar da wasan, ta loda kowane mod daga folda guda mai suna Mods, idan wani ya yi tuntuɓe ta tare shi ta kuma rubuta abin da ya faru. Kyawun wannan tsari shi ne ainihin fayilolin wasan suna nan yadda suke. Tsohuwar hanya, wadda ake maye gurbin fayilolin wasan na asali masu ɗauke da alamar XNB, ita ce masana ke cewa a guje mata, domin da zarar an sabunta wasan komai sai ya rikice, kuma mod biyu ba sa zama a fayil ɗaya.

Sanin na'urar da ke hannu shi ne matakin farko. Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a watan Fabrairun 2022, kwamfuta ce cikakkiya a siffar abin wasan hannu, tana aiki da Linux. Gwani yakan juya ta zuwa fuskar kwamfuta, ya sauke SMAPI daga shafinta na asali, ya kunna fayil ɗin girkawa na Linux, ya jera kwaskwarimarsa, sannan ya koma fuskar wasa. Nintendo Switch kuwa ƙofarta a kulle take. Wanda ya fasa ta da ƙarfi yana iya jawo kamfanin ya haramta wa na'urarsa shiga intanet ɗinsu, don haka mai hankali yakan bar ta yadda take. A wajenmu, na'urar wasan hannu ta gaskiya ita ce wayar Android, irin su Tecno da Infinix da itel. Wasan ya iso Android a 2019, kuma SMAPI ta waya wasu masu sa kai ne suka juya ta daga ta kwamfuta, shi ya sa takan yi jinkirin kamo sabon fitowar wasan, kuma ba kowane mod ne yake aiki a kanta ba. Gwani yana duba wannan tun kafin ya ƙona datarsa.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne inda yake farawa. Ba ya taɓa komai sai ya kwafi ajiyar wasan ya kai ta wani wuri dabam. Yadda manomin kirki ba ya gwada sabon iri sai ya tabbatar irinsa na gado yana rataye a rumbu, haka shi ma. Kowace gona tana da foldarta a cikin babbar folda mai suna Saves, ɗauke da sunan gonar da wasu lambobi. Sai ya kwafe ta ɗungurungum ya ajiye a memori ko a wata wayar, ya rubuta kwanan wata a jikin sunan. SMAPI ta kwamfuta tana yin irin wannan kwafi da kanta sau ɗaya a rana, tana riƙe guda goma na baya-bayan nan, amma gwani ba ya dogara da wannan kaɗai, domin kwafin da ke cikin na'ura ɗaya da asalinsa tare suke tafiya ranar da na'urar ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Daga nan sai batun inda ake ɗebo kaya, kuma a nan ne mafi yawan masu gaggawa ke faɗawa rami. Wayoyinmu cike suke da manhajojin da aka turo ta Xender ko WhatsApp, a ce wasa ne da aka fasa, kuɗin cikinsa ba ya ƙarewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Irin wannan fayil ba wanda ya san hannun da ya bi, kuma wayar da za a girka shi a ciki ita ce mai ɗauke da manhajar banki da saƙonnin lambar sirri. Gwani yana yi wa kansa tambaya ɗaya: me ya haɗa wasan noma da karanta saƙonnina, ko ganin lambobin mutanena? Da ya ga manhaja ta nemi irin wannan izini, sai ya goge ta. Wasan na asali yake saya daga shagon Google Play ko Steam, kwaskwarima kuma ya ɗauko ta daga shafin da aka sani kamar Nexus Mods, inda ake binciken fayiloli kuma ake ganin sunan mawallafi da abin da sauran masu amfani suka faɗa.

Ko a manyan shafukan ma ba ya sakin jiki. A watan Yunin 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna fractureiser ɓoye cikin kwaskwarimar wasan Minecraft a shafukan CurseForge da Bukkit, tana satar kalmomin sirri da bayanan shiga asusu. Wannan ya koya wa kowa bambancin da gwani ya riga ya sani. Akwai mod mai ɗauke da umarnin manhaja, wanda zai iya yin duk abin da wata manhaja za ta iya yi a na'urar. Akwai kuma irin wanda ke aiki ta hanyar wani mod mai suna Content Patcher, wanda rubutu ne da hotuna kawai, kowa na iya buɗe shi ya karanta, kuma ana gane foldarsa da haruffan CP a farkon suna. Na farkon yana buƙatar a san mawallafinsa sosai. Na biyun ya fi sauƙin amincewa, shi ya sa sabon shiga ya kamata ya fara da shi.

Sai haƙurin gwaji. Gwani yana karanta shafin kowane mod tun daga sama har ƙasa: da wace fitowar wasan yake aiki, kuma waɗanne ne dole a fara girkawa kafin shi. Ba ya zuba ashirin lokaci guda. Ɗaya yake sakawa, ya buɗe sabuwar gona ta gwaji, ya kwana ya tashi a cikin wasan, ya shiga gari ya fito, sai ya ga lafiya sannan ya ƙara na gaba. Idan yana zargin wani, ba ya goge shi. Ɗigo kawai yake sakawa a farkon sunan foldar, SMAPI ta tsallake ta. Idan kuma kwaskwarimar ta yi yawa har ba a san mai laifi ba, sai ya cire rabi ya gwada. Matsalar na nan, to tana cikin rabin da ya rage; ta tafi, tana cikin wanda aka cire. Ya sake raba wannan biyu, haka har ya ritsa shi. Da wannan dabara, cikin mod 64 gwaji shida ya isa a kama guda ɗaya. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma shi ne irin tunanin da masu gyaran manyan manhajoji ke amfani da shi.

Gwani kuma makaranci ne. Duk lokacin da wasan ya tashi, SMAPI tana rubuta rahoto: jan rubutu kuskure ne, ruwan ɗorawa gargaɗi, shunayya kuma sanarwar cewa wani mod ya samu sabuwar fitowa. Mai gaggawa yana ganin ja sai hankalinsa ya tashi. Gwani yana karantawa a natse, domin sau da yawa layin da kansa yake faɗin sunan abin da ya ɓace. Idan ya fi ƙarfinsa, akwai shafi na musamman na SMAPI da ake ɗora rahoton, ya tsara shi yadda masu taimako za su gane. Yana kuma sa ido a kan lokacin sabuntawa. Da fitowa ta 1.6 ta sauka a kwamfuta ranar 19 ga Maris 2024, kwaskwarima da yawa sun daina aiki sai da mawallafansu suka gyara, kuma ba ta iso waya ba sai watan Nuwamba na shekarar. Wanda ya bar wayarsa tana sabunta wasa da kanta yana iya wayar gari ya tarar komai ya tsaya. Shi ya sa gwani ke kashe sabuntawar kai tsaye, ya jira har kayan aikinsa su kamo.

Har cirewa ma da ƙa'idarta. Idan mod ya kawo sabon amfanin gona, aka cire shi alhali kayan na cikin akwati, sai su rikiɗe su zama alamar kuskure. Don haka gwani yakan sayar ko ya zubar da su tukuna. Ya san ƙarfin wayarsa, ba ya ɗora wa ƙaramar waya kwaskwarimar da ke ƙara gari guda har ta riƙa zafi tana tsayawa. Kuma a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ba ya fara kwafi ko girkawa sai batir ya cika, domin fayil ɗin da waya ta mutu ana tsakiyar rubuta shi ya lalace ke nan.

Wanda ya ƙware a wannan mataki, ƙofar ƙirƙira ta buɗe masa. Da Content Patcher ana iya zana gero da dawa a saka su cikin jerin irin shuka, a tsara kwanakin nunarsu da farashinsu. Ana iya sauya hoton alade da sunansa ya koma wata dabbar, a mayar da giyar da ake haɗawa a wasan ta zama zoɓo. Tun daga fitowa ta 1.5.5 wasan ya ba da damar ƙara masa sabon harshe, kuma babu Hausa cikin harsunan da yake zuwa da su. Aikin fassarar yana da yawa, amma ba ya buƙatar jari: rubutu ne, da haƙuri, da sanin kalmomin noma, wanda ɗan wannan yanki ya fi kowa. Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara zai samu a nan fagen koyon tsara fayil, gano kuskure da aiki tare da mutanen wasu ƙasashe, duk a cikin abin da yake jin daɗinsa.

Shi ya sa nake ganin wannan gwaninta ta wuce wasa. Tana koya wa yaro ya tanadi mafita kafin ya shiga, ya tantance abin da yake karɓa, ya sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya kuma karanta kafin ya yanke hukunci. Kirana ga iyaye da malamai shi ne, idan kun ga yaro yana wannan aiki a tsanake, ku tsara masa lokaci, ku ƙarfafa masa gwiwa. Ku kuma matasa, ku nemi wasan ta halastacciyar hanya, ku kwafi ajiyarku kafin ku taɓa komai, ku fara da mod ɗaya. Idan hannunku ya faɗa, ku zauna ku sa mana Hausa da gero a cikin wannan gona.