Jiran Balarabe: Abin da Masu Kallon Ƙwallo a Adar ke Nema Wurin Sabon Mai Ƙungiya

Duk mai zama a gidajen kallon ƙwallo na Tawa ya san yadda magana ke juyawa idan kaka ta raba tsakiya, ƙungiya kuma tana can cikin 'yan dagaji. Da fari alƙalin wasa ake zagi. Daga nan a koma kan mai tsaron gida, sannan mai horarwa. Idan an gama da su duka maki bai ƙaru ba, sai ka ji wani daga bencin baya ya ce: "Ku bar wahal da kanku, mai ita ne ba shi da ko dala. Allah dai shi kawo Balarabe shi saye ta." Da an faɗi haka hira ta samu alƙibla. Za a bi da ita fada, a ɗora shayi a kanta, a raba wa sabon mai ƙungiyar da bai ma bayyana ba aikin da zai yi: ya kori mai horarwa a makon farko, ya sayo ɗan gaba mai suna kafin a rufe kasuwar Janairu, ya yi alkawarin kofi. Daga Tawa har Afala da Barmu da Tamaske, inda duk aka samu faranti da hasken rana da ke iya tada talabijin, wannan hirar ce ake yi.

Balaraben da ake nufi yana da asali. Ranar 7 ga Oktoban 2021 asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle daga hannun Mike Ashley a kan kusan fam miliyan 300. A lokacin ƙungiyar tana ta 19 a teburi, maki 3 kacal daga wasa 7. Magoya baya suka cika bakin filin wasa suna murna, wasu har da rawani da jallabiya. Ƙungiyar ta tsira, ta gama a ta 11, a kakar da ta biyo ta zo ta 4, a Maris na 2025 kuma ta ɗauki kofin gida na farko tun 1955. Wannan labarin ne ya zauna wa matasanmu a ka, har suke auna kowace ƙungiya da shi.

Sai dai akwai rabin labarin da ba a cika kawowa a fada ba. Bayan cinikin, Newcastle ta yi kusan wata biyu ba ta ci wasa ko ɗaya ba; sai a wasanta na 15, cikin Disamba, ta doke Burnley. Mai horarwar da aka ɗauko, Eddie Howe, shi kansa ya taɓa faɗuwa daga gasar tare da Bournemouth. A Janairu ma, in ka cire Bruno Guimarães, waɗanda aka sayo masu aikin ƙarfi ne: Kieran Trippier, Dan Burn, Chris Wood. Da a gidan kallo aka karanta jerin sunayen kafin su buga, da an yi tsaki. Masu kuɗin sun toshe baya tukuna, suka bar ƙawa sai daga baya, wato sun yi akasin abin da mai kallo ke roƙo.

Wanda ya yi abin da mai kallo ke roƙo shi ne kamfanin Venky's na Indiya, masu sana'ar kaji, da suka sayi Blackburn a Nuwamban 2010. Cikin wata guda suka kori Sam Allardyce, aka yi ta maganar manyan 'yan wasa da gasar zakarun Turai. A Mayun 2012 ƙungiyar da ta ci gasar Ingila a 1995 ta faɗi, kuma a wasan da ya tabbatar da faɗuwar wani ya saki kaza a cikin fili don takaici. A 2017 ta gangara rukuni na uku. Ban taɓa jin an kawo sunan Blackburn a hirar Balarabe ba.

Babban aibin wannan fata shi ne yadda ake ɗauko ta daga Ingila a ɗora wa ƙwallon gida, alhali a nan ba a sayar da ƙungiya. Duba waɗanda suka ci gasar Nijar a 'yan shekarun nan: SONIDEP a 2018 da 2019, 'yan jandarma a 2021, Nigelec a 2022, garda sarki a 2023. Ƙara da sojoji da 'yan sanda da duwan. Dukkansu na Yamai ne, dukkansu kuma suna jingine da kasafin wata hukuma ko kamfanin gwamnati, inda ɗan wasa ke da tabbacin abin da zai samu a ƙarshen wata. Ƙungiyoyin Arlit ma a inuwar kamfanonin yuraniyom suka girma. Ƙungiyar jiha irin ta Tawa kuwa, kafin ta taɓa ƙwallo a Yamai sai ta ci hanya fiye da kilomita 500, ta biya mota, ta biya masauki, ta ciyar da mutum fiye da ashirin. Sabon "mai ita" a wajenmu shi ne sabon shugaban kwamiti, ko sabon magajin gari, ko wani Alhaji da aka lallaɓa aka naɗa shi uban ƙungiya. Ba ya mallakar fili, ba ya samun kuɗin talabijin, ba shi da abin da zai sayar ranar da ya gaji. Kyauta ce yake yi, mai kyauta kuwa ba a tsare shi da lissafi.

A nan ne al'adar ke da tushe mai zurfi fiye da Newcastle. Mutumin Adar ya saba da ubangida. A filin kokowa, ɗan kokowa na da mai ɗaukar nauyinsa, makaɗi ya wasa ubangidan, shi kuma ya fito ya yi kari a bainar jama'a. Ga kuma ɗan cin rani da ya tafi Abijan ko Libiya, ya dawo ya gina gida, dangi na jiran ya share musu hawaye. Wannan tsarin yana aiki a kokowa saboda mutum ɗaya ake riƙewa, gasar takobi ta 'yan kokowa kuma kwanaki ce ta ƙare. Ƙwallo wata da watanni ce, kowane mako da kuɗinsa. Alhajin da ya raba riguna da takalma ranar naɗi, aka yi masa kirari, shi ne wayarsa ke kashe ranar da ake neman kuɗin man tafiya Zinder. Ba lalle rowa ba ce. An ɗora masa kayan gari ne shi kaɗai.

Kano ta nuna cewa ubangida mai ƙarfi ma ba ya hana faɗuwa. Kano Pillars ta gwamnatin jiha ce, ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ga magoya baya da ba ƙungiyar da ta fi ta. A Afrilun 2022, tana cikin neman tsira, aka yi hargitsi a filin Sani Abacha a wasanta da Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta cire mata maki 3, ta ci ta tara, ta hana ta wasa a gida. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗi, sai a 2023 ta dawo. Maki ukun nan daga hannun masu cewa suna son ƙungiyar suka zube. Wannan shi ne abin da hirar Balarabe ke ɓoyewa: tana sauke wa mai kallo nauyi gaba ɗaya. Matashi zai biya kuɗin shiga gidan kallo sau biyu a mako don Barcelona, amma ranar da ƙungiyar garinsu ke wasa katanga yake nema ya haura.

Ba na cewa fatar banza ce. Magoya baya na da haƙƙin tambayar sabon shugaba, sai dai tambayoyin da suka dace ba su da daɗin faɗi a fada. An biya 'yan wasa bashin da suke bi? Akwai mota tabbatacciya har ƙarshen kaka? Wa ke riƙe da kuɗin ƙofa, kuma a gaban wa ake ƙirga su? Idan an faɗi, zai tsaya ko zai tattara? Shugaban da ya amsa waɗannan ya fi wanda ya yi alkawarin ɗauko ɗan gaba daga Gana.

Adarawa kuma sun riga sun iya abin da ake buƙata. 'Yan gari ɗaya da ke Abijan ko Kwatano sukan yi karo-karo su gina masallaci ko su gyara rijiya a ƙauyensu, da ma'aji da littafin shiga da fita. Magoya bayan ƙwallo a Tawa su yi haka: a yanki katin zama ɗan ƙungiya, jika guda a wata, a sa 'yan cin rani a ciki, a karanta lissafi a fili duk ƙarshen kaka. In Alhaji ya zo da nasa, a karɓa a gode, a rubuta a littafin kamar na kowa.