Ɗafa-ƙeyar -ship a Turanci: Sharhi kan Ra'ayin Aronoff da Cho

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba ra'ayin da Mark Aronoff da Sungeun Cho suka gabatar a mujallar Linguistic Inquiry cikin shekarar 2001 dangane da ɓoyayyun sunayen Turanci masu ɗafa-ƙeyar -ship. A ganinsu, wannan ɗafi yana hawa ne kan sunan da ke nuna matsayi mai wucewa, wanda mutum kan shiga ya kuma fita. Shi ya sa ake samun friendship da chairmanship, tun da abota kan yanke, kujera ma kan kuɓuce, amma zama uwa sai a ce motherhood.

Ra'ayin yana da armashi, sai dai bai game ko'ina ba. Kalmar kinship kaɗai ta isa ta girgiza shi, domin dangantakar jini ba riga ba ce balle a tuɓe ta. Ita kuwa hardship daga sifa ta tsiro, ko da yake ana iya yi mata uzurin tsufa.

Inda muka fi ganin rauni shi ne, bayanin ya fi ƙarfi wajen tantance tushen da ɗafin ke hawa a kan fayyace ma'anar da ke fitowa. A ɗauki leadership. Wani lokaci matsayi take nufi, wato shugabanci, wani lokaci iya jan ragamar jama'a, wani lokaci kuma su kansu masu riƙe da muƙaman. Haka membership kan nufi zama ɗan ƙungiya, ta kuma nufi ɗaukacin 'yan ƙungiyar. Craftsmanship gwaninta ce. Scholarship kuwa ta haɗa zurfin ilimi da kuɗin tallafin karatu, abubuwa biyu da ba kullum suke haɗuwa a hannun mutum ɗaya ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai fassara zuwa Hausa. Ɗafinmu na -ci da -nci yana da nasa yaɗon, daga shugabanci zuwa Katsinanci da Musulunci, amma bai taɓa nufin taron mutane ba. Duk da haka akan ji a labarai cewa wai shugabancin jam'iyya ya gana da gwamna. Shugabanci ba ya ganawa da kowa, shugabanni ne suka gana. Wanda aka koya wa cewa -ship ma'ana ɗaya gare ta, shi ne kan faɗa wannan rami.