Hilux D-4D: Motar da Ta San Hanyar Tunuga

Jama'a, ni dai na riga na zaɓi ɓangare, kuma ba na ɓoyewa. A duk motocin da suka shigo mana ta gadar Malanbil shekara da shekaru, daga tashar jirgin ruwan Kwatano, su ratso Paraku da Kandi su sauka Gaya, babu wadda ta kama ƙafar Toyota Hilux mai injin gazuwal D-4D da turbo. Mota ce kakkaura, doguwa, mai faɗin ƙirji, mai haƙurin kaya, mai jure rana da ƙura da taɓo, wadda za ka loda mata buhunan shinkafa har bayanta ya zauna, ka murza makulli, ta tashi kamar ba a ɗora mata komai ba. Kai, madalla da wannan ƙira!

Mu fara da kukan, don shi ne ya fara sace zuciyar kowannenmu. Ka fito daga Gaya ka ɗauki hanyar Kamba, ka saka giya ta uku, ka taka totur a hankali. Allurar juyin inji na haura 1,500 sai ka ji wani siririn fito, tattausa, mai daɗin saurare, yana tasowa daga ƙarƙashin bonet, kujera ta tura ka gaba, sitiyari ya yi daram a hannunka. Ka ɗaga ƙafa don canja giya, ya ɗan yi ajiyar zuciya, ka mayar, ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ya saba da wannan sauti, rediyo ma kashe shi yake yi.

Kuma abin burgewa, duk wannan ƙarfi daga hayaƙin da ake zubarwa yake fitowa. Hayaƙin da zai bi salansa ya tafi a banza, shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke ɗaya gefen sandar, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, gazuwal ya ƙone sosai, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an ƙara girman inji ba. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara ta turbo tun 1905, ga ta yau tana ɗaukar mana rake da rogo da muruci zuwa kasuwa. Wannan 'yar farfela da ba ta fi tafin hannu ba tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da ke sa ƙarfe ya yi ja. Allah mai iko!

Hilux ta fara fitowa tun 1968, amma wadda ta mamaye mana hanya ita ce ta zubin 2004 zuwa 2015, wadda ake kira Vigo, da ake haɗawa a Tailan da Afirka ta Kudu. Injinta na turbo iri biyu ne. Akwai 2KD mai lita 2.5, wanda ya fara da ƙarfin doki 102, daga baya aka kai shi 144. Akwai kuma babban yaya, 1KD mai lita 3.0, mai doki 163, wasu samfuran Turai har 171, da ƙarfin murɗawa 343 da yake bayarwa tun inji bai ɗaga murya ba. Wannan ƙarfin murɗawa shi ne sirrin. Mu nan ba tsere muke yi ba, ja muke so, kuma tun daga ƙasa.

Ku tuna yadda hanyoyinmu ke zama da damina. Yankin Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Nijar, kuma wanda ya taɓa gangarawa fadamun Gatawani da Dole a watan Agusta ya san irin baƙin taɓon nan mai danƙo da ke riƙe taya. Nan ne Vigo ke nuna ko ita wace ce. Ka tsaya, ka kama ɗan gajeren sandan nan da ke gefen giya, ka ja shi zuwa L4, ka saka ta biyu, ka bar ƙafarka a kan totur ba tare da gaggawa ba. Sai ka ji tana tafiya taku-taku, tayoyi huɗu suna cizon ƙasa, turbo na huci a hankali, laka na fallatsa har gilashi, manoma sun dakata da aiki suna kallo. Ta fito. Kullum tana fitowa.

Na san masu injin 5L suna nan suna jira na. Za su ce injinsu ba turbo, ba nozul mai tsada, kowane makaniki a gindin bishiya zai kwance shi ya mayar. Gaskiyarku, 5L inji ne mai amana, ina girmama shi. Amma lita 3.0 ne shi ma, kuma dokinsa bai kai 100 ba. Ku loda kaya iri ɗaya, ku hau hanyar Doso, kilomita wajen 150, ku zo wuce tirela uku a jere, sannan mu yi magana. Mai 1KD ya sha gabansu ya koma hannunsa tun mai 5L na leƙen ko akwai mota a gaba.

To, yanzu ƙorafi, don masoyi na gaskiya shi ke faɗin aibi. Na farko, nozul. Injin D-4D yana fesa gazuwal da matsi mai tsananin gaske, fiye da bar 1,300, ta ƙofofin da ido ke gani da ƙyar, don haka ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi a cikin mai babbar musiba ce. Gazuwal ɗin jarka na bakin hanya, wanda ba ka san inda ya kwana ba, shi ne babban makashin wannan inji a yankinmu na iyaka. Araha ba ta ado. Idan fitilar tace mai ta kama a gabanka, tsaya ka zubar da ruwan da ya taru a gindin filta, kada ka ce sai ka isa gida.

Na biyu ya fi ba ni haushi: wasu 'yan zobban tagulla da ke ƙarƙashin nozul, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Idan suka fara yoyo, hayaƙi na kutsawa cikin baƙin mai, ya daskare ya zama gawayi, ya gangara ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Na ga irin wannan rariya a hannun makaniki, an ciro ta daga ƙasan inji, ragar ta toshe ƙirin, yana kankare ta da tsinke gawayin na zubowa gari-gari. Mai motar bai ji komai ba sai ranar da turbo ya rasa mai, ya yi ƙara, ya tsaya. Alamar tana zuwa da wuri: farin hayaƙi da ƙwanƙwasa da safe kafin inji ya ɗumama. Kana ganin haka, a duba zobban, a leƙa rariyar. Na uku, wasu 1KD sun yi suna wajen tsagewar fistin, musamman idan nozul ya lalace yana zuba mai fiye da kima, ga kaya, ga zafi.

Wannan ya kawo mu maganar ƙarin ƙarfi. Wa zai ƙi? An ce a haɗa kwamfuta a sake tsarin ƙwaƙwalwar inji, ko a maƙala ɗan akwatin da ke ƙara matsin mai, doki ya ƙaru nan take. Yana ƙaruwa kuwa, kuma daɗinsa ba a magana. Sai dai ƙarin mai ƙarin zafi ne, mu kuwa bazararmu na haura digiri 40. Shawarata ga ɗan uwa mai son taɓa injinsa: fara da abin da ke ba shi lafiya. A wanke intakula, a kankare toka da ta cushe bawul ɗin EGR da bututun shigar iska, a ƙara filta ta biyu mai raba ruwa da gazuwal, a ɗaga bututun shaƙar iska zuwa saman gilashi don ƙurar burji da ruwan fadama, a saka agogon auna zafin hayaƙi. Wallahi da yawa za su tarar dokin da suke nema yana nan cikin motarsu, datti ne ya danne shi. Wanda kuma ke alfahari da baƙin hayaƙi a bayansa, gazuwal yake zubarwa.

Sai garanti. Wanda ya sayi sabuwa dal a Yamai wurin CFAO, wakilin Toyota, yana da takardar shekara 3 ko kilomita 100,000, muddin yana kai ta gyara kan lokaci kuma bai taɓa ƙwaƙwalwar injin ba. Mu da yawanmu 'yar Kwatano muke hawa, wadda ta riga ta yi rayuwa a wata ƙasa, garantinta kuwa na ƙarewa ne a ƙofar filin da aka sayar maka. Tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023 kayan gyara suka ƙara wuya da tsada, jabu kuma ya cika kwali masu kyan gani. Saboda haka kafin ka miƙa ko jaka ɗaya, je ka da makanikinka da sassafe, ka ce a tayar da ita a gabanka inji na sanyi. Ka kalli hayaƙin. A cire bututun da ke shiga turbo, a taɓa sandar da yatsa a ji ko tana wasa, a ga ko mai ya taru a ciki. A haɗa kwamfuta a karanta lafiyar nozul huɗun. Mai sayarwa na kirki ba zai hana ba.

Bayan nan, garantin yana hannunka, kuma ba shi da wuya. Juye duk kilomita 5,000 da mai na ƙwarai, tare da sabuwar filta. Da hunturu a riƙa buɗe akwatin filtar iska a kai a kai, don ƙurar da ta wuce ta kan cinye fikafikan farfela. Bel ɗin taimin a canja shi a kilomita 150,000, ko kafin nan idan ba ka san tarihin motar ba. Da safe ka ba ta ɗan lokaci mai ya zagaya kafin ka taka. Idan ka dawo daga doguwar tafiya, bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki a tsaye kafin ka kashe, turbo ya huce, kada man da ke cikinsa ya soye. Shi ke nan fa!

Ƙanwar Vigo, wato Revo, wadda ta zo a 2015 da injin 1GD mai lita 2.8 da doki 177, aka kai shi 204 a 2020, ta fi shiru, ta fi laushi, ga sarƙa a madadin bel. Kyakkyawa ce ta gaske, ina sha'awarta. Abin da kawai ban yafe wa Toyota ba shi ne cire ɗan sandan nan na L4 da suka yi suka sa maɓallin murɗawa. Hannu na son abin da zai kama! Kuma idan wani ya ce muku soyayya ce ta rufe mana ido, ku tuna masa cewa Hilux ce ta lashe gasar Dakar a 2019 da 2022 da 2023 a hannun Nasser Al-Attiyah na Katar, gasar da a da take ratsa Agadas da Tenere.

Don haka, ɗan uwa, idan kana da Vigo mai D-4D, riƙe ta da kyau, kada wani ya ruɗe ka ka sayar. Idan kuwa kana tara kuɗin saye, nemi 1KD mai lafiyar nozul, ka ba ta tsabtataccen gazuwal, ka kiyaye ranar juye. Allah ya kai mu damina lafiya, mu haɗu a hanyar Dole, kowa da lodinsa, mu ga wadda za ta fara fita daga taɓo. Ni na san tawa.