Wuƙar sifirin ta fi mai ƙyalli

Duk shekara da Babbar Sallah ta matso, kasuwar Maraɗi sai ta cika da wuƙaƙe farare tas masu mariƙin roba, an shigo da su daga Sin, yara na tura su a baro. Ana rububinsu saboda arha da ƙyalli. Ranar layya kuma, kafin a gama fiɗar rago ɗaya, maigida ya koma bakin dutsen washi sau ba adadi. Ni abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Wasu maƙeranmu, don kada kasuwa ta bar su, sun shiga buga wuƙa da rodin gini ko fallen durom, su goge ta ta yi haske, su sayar da araha. Da haka ake ɓata sunan sana'a.

Sirrin yana cikin sinadarin gawayi da ke jikin ƙarfen, wato kabon. Rodi da fallen durom ba su da shi sai kaɗan, ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, shi ya sa ko an ba su ruwa ba sa ɗaukar tauri. Sifirin ɗin mota yana da kusan 0.6, tsohon magagari kuwa ya kai kashi 1 ko ya ɗara. Wuƙar magagari kaifi gare ta kamar aska, amma tana haɗuwa da ƙashi bakinta zai ɓantare. Ta sifirin ce tsaka-tsaki: tana riƙe kaifi, tana jure duka. Ku duba hannun mahauta da masu yanka kilishi, waɗanda ke buɗe tsoka ta zama falle har ana hango rana ta cikinta. Baƙar wuƙa za ku gani, wasu washi ya cinye su sun zama siriri, amma ba a rabu da su ba.

Sai dai ƙarfe mai kyau rabin aiki ne. Sauran yana wurin ban ruwa. Maƙerin da ya san abin da yake yi zai zuga gawayin ƙirya har wuƙar ta yi ja sosai, wajen digiri 800, inda maganaɗisu ya daina kama ta. Sai ya tsoma ta a mai. Sifirin ba ya son ruwan sanyi, yakan tsage, kuma tsagar ba lalle ta fito ranar ba. Bayan nan ya goge ta, ya sake ɗumama ta a hankali yana kallon launi, da ta yi ruwan busasshen kara sai ya janye. Wannan mataki na ƙarshe shi masu gaggawa ke tsallakewa, wuƙa ta fito da tauri amma ta karye ranar da ta faɗi a siminti. Tsohon sifirin ma yana iya zuwa da ɓoyayyar tsaga daga wahalar da ya sha a kan hanya, don haka ba kowane guntu ake ɗauka ba.

Kukan da mata ke yi da baƙar wuƙa shi ne tsatsa, kuma gaskiyarsu. Ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Shefild ta Ingila a 1913, yana da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke kare shi. Mai yanka tumatir da albasa da lemun tsami na lambunan Jiratawa, wannan ya fi mata sauƙi, ban musa ba. Akwai ma masu inganci ƙwarai a cikin wuƙaƙen da ba sa tsatsa, amma ba su ake turawa a baro ba. Tsatsar baƙar wuƙa kuwa maganinta tsumma da ɗigon man gyaɗa, a mayar da ita kube.

Ƙasar nan ba baƙuwar ƙira ba ce. Katsinawan da suka zauna Maraɗi da Gobirawan da suka kafa Tibiri a ƙarni na 19 sun yi shekaru suna yaƙi da takubba da masu, a zamanin da maƙera ke narka tama da kansu. Yau ƙarfen da ya fi wancan daidaito yana zube a wurin 'yan gwangwan da garejin motoci, kuma abin kunya ne a bar shi a koma wa rodi.

Laifin ba na maƙera kaɗai ba ne. Mu ne muke taya wuƙar sifirin da kuɗin ta roba, alhali ta ci gawayi da ƙarfin hannu ninki biyu. In ka je maƙera, tambayi maƙerin da wane ƙarfe ya buga ta. Ka ce ya goga magagari a bakinta a gabanka: in ya zame yana ƙara, ta sha ruwa, in ya ci ta kamar sabulu, ajiye masa abarsa. Wadda ta ci jarrabawar nan kuma, malam, ka biya shi abin da ya faɗa ba tare da dogon ciniki ba.