Teku a Cikin Akwatin Gilashi

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, jan dutse mai daraja da 'ya kan gada daga uwarta. Amma kafin ya zama abin ado, murjani ƙashin wata halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku. Jan da ake sarƙa da shi ya fi fitowa daga Bahar Rum. 'Yan'uwansa kuwa su ne suka gina tsaunukan ƙarƙashin ruwa a tekuna masu ɗumi, irin waɗanda ke Bahar Maliya daura da Fot Sudan. Akwai mutanen da suke rainon waɗannan halittu a ɗakunansu, cikin akwatin gilashi da bai wuce lita 20 ko 40 ba. Gwanintarsu tana burge ni ƙwarai.

Mai kallo zai ce ƙaramin tanki ya fi babba sauƙi. Duk macen da ta taɓa girki ta san ba haka ba ne: ƙaramar tukunya ta fi saurin ƙonewa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, murjani kuma ba ya son a ƙara masa ko a rage. Idan zafi ya ɗebe ruwa, gishiri yana nan bai tafi ba, kamar miyar da ta daɗe a wuta. Tankin lita 400 ya rasa lita 1, ko a jikinsa. Na lita 20 ya rasa lita 1, gishirinsa ya haura zuwa kusan giram 37. Shi ya sa gwani kan ja layi a jikin gilashi, kullum ya cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Ruwan famfo ba ya shiga, domin sinadarin kulorin da ɓurɓushin tagulla da kan zo da shi guba ne ga murjani. Zafin ruwa ma a tsare yake tsakanin digiri 24 da 26, dare da rana.

Farkon aikin jira ne. A haɗa ruwa da gishirin da aka sarrafa don wannan aiki, a shimfiɗa yashi, a jera duwatsun teku masu ƙofofi kamar soso, a kunna ɗan injin da ke kaɗa ruwa, sannan a naɗe hannu. Makonni 4 zuwa 6 ke nan ba kifi, ba murjani. A cikin ƙofofin dutsen ne ƙwayoyin bakteriya ke yaɗuwa, wasu su mayar da amoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi, ta koma nitirait, wasu su mayar da wannan ya koma nitiret mai sauƙin illa. Sai awo ya nuna gubar farko da ta biyu sun ɓace ake saka rai na farko. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A nan dutsen ne da kansa ke nuna, ya zama matatar ruwa. Wani mai kiwo a Jakarta ta Indunusiya, Lee Chin Eng, ya bayyana wannan dabara ta barin dutse mai rai ya yi aikin tacewa tun 1961, daga baya masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka ɗora a kai.

Sai haske. A cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, suna haɗa abinci da haske su ciyar da mai masaukinsu. Fitila ta yi rauni, murjani ya rame. Ta yi ƙarfi farat ɗaya, ya kori baƙinsa ya yi fari fat. Don haka gwani kan ƙara shuɗin haskensa kaɗan-kaɗan, ya kuma fara da murjani mai laushi kafin ya taɓa mai ƙashi, wanda ke zuƙe kalsiyam daga ruwa. Yakan sa safar hannu, domin wasu masu kamar fure suna da mugun dafi.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne kamun kai. Kasuwa cike take da kifaye masu ɗaukar ido, amma gwani ya tsaya a ɗaya ko biyu ƙanana, da 'yan dodon koɗi masu kiwon gansakuka. Abinci ɗan tsunkule ne. Kowane mako ya kwashe kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan, ya zuba sabo wanda gishirinsa da ɗuminsa suka yi daidai da tsohon. Masu harkar sukan ce duk abin da ya faru da sauri a tanki, ɓarna ce.

Ladan wannan hidima yana zuwa ne bayan watanni. Ɗan guntun murjanin da aka manna a dutse kamar ƙwayar gyaɗa sai ya bazu ya rufe wurin, har a yanki reshe a ba wani mai farawa. Shi ma ya raina, ya yanka, ya bayar. Haka murjani ɗaya ke zaga gidaje, ba tare da an sake ɓalle ko tsinke daga teku ba.